Tambaya da Amsa: Wace Taransifoma Ce Za Ta Ɗauki Amfilifayar Da Na Haɗa?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk a kan taransifoma suke, shi ya sa na tattara su waje ɗaya.

TAMBAYA: Salam Injiniya ya aiki. Ni ɗalibi ne a Samaru, na haɗa amfilifaya da hannuna mai TDA7294 guda biyu hagu da dama, sifikuna kuma om 8 ne inci 12. Na shiga kasuwan Sabon Gari neman taransifoma sai mai shagon ya fito min da guda biyu, ɗaya an rubuta 24-0-24 5A, ɗayan kuma ƙato ne da aka ciro daga tsohon amfilifaya 35-0-35, yace in ɗauki babban zai fi bani duka kuma kuɗinsu kusan ɗaya ne. Ni dai wlh raina ya fi kwanciya da babban amma nace bari in tambaya tukun. Wanne zan ɗauka?
Daga ɗalibi, Samaru

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanena, gara da ka tambaya kafin ka biya. Babban nan ka bar shi inda ka ganshi, ba wai don ba shi da kyau ba, a'a, ba na ayisinka ba ne kawai, wato IC ɗin nan TDA7294.

Lambar da ke jikin taransifoma AC ce, ita kuwa amfilifaya DC take ci, kuma idan wutar ta ratsa rektifaya, wato dayod ɗin da ke mayar da AC zuwa DC, ta shiga manyan kafasito masu tara wuta ba ta tsayawa yadda take, hawa take yi, sai ka ninka ta da 1.414 sannan ka cire kamar bolt 1 da dayod ke cinyewa. To yi lissafin da kanka, 35 sau 1.414 zai baka 49 da ɗoriya, kenan kusan +49 da -49 zaka ɗora wa ayisin da kamfanin ST da ya ƙera shi ya ce iyakar da zai yi aiki da ita ±40 ne. Akwai ±50 da wasu ke gani a takardar bayaninsa su ce ai yana ɗauka, to wannan iyaka ce ta lokacin da babu sauti kwata-kwata, ba wajen zama ba ne. Kuma fa lambar jikin taransifoma ta lokacin da take ɗauke da cikakken lodi ce, idan ba lodi takan haura da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ga shi wutarmu idan dare ya raba kowa ya kashe kayansa tana iya kaiwa 240 ko ta ɗara. Duk ka haɗa wannan zaka ga ka tsallake 50. Ba ayisin kaɗai zaka rasa ba, sau da yawa idan ya fashe sai ya saki DC kai tsaye cikin sifika, kafin ka kai hannu soket koyil ɗin sifikar ya fara wari.

Ita 24-0-24 zata baka kamar ±33, ba lodi ta taɓa 35 ko 36, ko wuta ta zo da ƙarfi tana nan ƙasa da 40. Da wannan kowane ɓangare zai fitar maka da wajen wat 50 na gaskiya a kan om 8, kuma wallahi wat 50 na gaskiya a sifika inci 12 sai maƙwabtanka na hostel sun zo sun buga maka ƙofa. Mutane na raina 50 ne saboda idonsu ya saba da 2000W PMPO da ake mannawa a jikin ƙananan rediyo, wanda ba lissafin komai ba ne illa talla. Ko da ka ninka daga 50 zuwa 100 desibel 3 kacal ka ƙara, kunne ɗan ƙari yake ji, sai an ninka wat kusan sau 10 sannan kunne ke yarda cewa ƙarar ta ninku. Idan nan gaba ka jera sifiku biyu biyu a kowane ɓangare har suka koma om 4, to boltej ɗin ma sauke shi ya kamata ka yi zuwa 20-0-20, wato ±27, don a om 4 ayisin ninkin karan yake ja, wato yawan wutar da ake aunawa da am, kuma zafinsa ya fi yawa.

Saura maganar 5A ɗin nan, kuma nan ne aka fi cutar mutane. Amfilifaya irin taka ba duk wutar da ta ja take mayarwa sauti ba, kusan rabi ko ƙasa da haka kaɗan zafi yake zama a ƙarfen sanyaya, saboda haka ni yadda nake yi shine in haɗa wat ɗin duka ɓangarorin in ninka da 1.5 zuwa 2. Naka 50 da 50 ya zama 100, kenan VA 150 zuwa 200 kake nema, VA kuwa shine bolt sau am na taransifoma. Idan rubutun gaskiya ne, 24 da 24 ya zama 48, sau 5 ya bada VA 240, ka ga har da rara. Amma wasu masu ƙerawa 24 sau 5 suke nufi wato 120, wasu kuma sitika ce kawai aka manna. Kamar buhun masara ne a kasuwa, ba rubutun jikin buhun kake saye ba, ɗagawa kake ka ji.

To ka koma shagon da rula da mitarka a aljihu. Ƙarfen taransifoma faranti-faranti ne masu siffar E da I, ka auna faɗin harshen tsakiya wanda wayar ta naɗe a kansa, ka auna kaurin jerin farantan gaba ɗaya, ka ninka su da juna a santimita. Abin da ka samu ka raba da 1.15, sakamakon ka ninka shi da kansa, wannan shine kusan VA ɗin da ƙarfen zai iya ɗauka komai aka rubuta a jiki. Misali harshe 3.8 kauri 4.5 ya bada 17, raba da 1.15 ya zama kusan 15, sau 15 ya haura 200, ta yi. Irin wannan a hannu zaka ji ta kai wajen kilo 3. Idan ka ɗauka ka ji sakayau, ko awon ya baka 10 ko 11, to ba ta kai VA 100 ba ma. Sannan ka duba bakin wayar da ta leƙo, ka ɗan kankare da reza, idan ciki ja ne har tsakiya jan ƙarfe ne, idan ja a baya fari a ciki alminiyam ne aka yi wa riga, shi kuma ya fi jan ƙarfe riƙe wuta da kusan kashi 60 cikin ɗari, zai fi zafi kuma boltej ya dinga faɗuwa duk lokacin da bes ya buga. Idan mai shagon ya yarda, ka tafi da kwan fitilar gaban mota guda biyu masu 12V 55W ka jera su bi da bi, wato wuta ta ratsa ɗaya ta shiga ɗayan, a kan ɓangare ɗaya na 24, zasu ja am 4 da wani abu, kana kallon mita. Ta sauko 22 ko 23 ba laifi. Ta gangaro 19 ko 20 ka ajiye masa kayansa cikin mutunci.

Kafasito ka sa masu 50V, 10000µF ɗaya a kowane layi ko 4700 biyu biyu, kar ka yarda da masu 35V tunda kana dab da su. Rektifaya irin KBPC3510 ka ɗaure ta a jikin akwatin ta samu sanyi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne ke kula da kayan sauti a masallacin unguwanmu a Tudun Wada, amfilifayan mu ya ƙone, wani yaro cikin matasan masallaci ya haɗa mana sabo da tiransisto 2SC5200 da 2SA1943. Akwai tsohon sitabilaiza 2000VA a gida na da rile ɗinsa ya lalace amma taransifoman lafiya lau, mun auna mun samu wayoyin da ke bada bolt 30 da wani abu tsakaninsu. Za mu iya amfani da shi? Kuɗin asusun masallaci ba yawa.
Daga wani dattijo, Tudun Wada

AMSA: Wa alaikumussalam Baba, Allah ya saka da alheri kan hidimar ɗakin Allah. Don girman Allah kar ku jona wannan taransifoma yadda take, ko gwaji kar yaron ya yi.

Taransifomar amfilifaya naɗi biyu gare ta da ba su taɓa juna, firamare da wutar gari ke shiga da sakandare da ke fita, maganaɗisun ƙarfen ne kaɗai ke haɗa su, wannan rabuwar ita ce ke tsakanin mutum da 230. Ta sitabilaiza kuwa galibi naɗi ɗaya ne dogo da aka fiffitar wa wayoyi a hanya, rile na zaɓar wadda ta dace. Bolt 30 ɗin da kuka gani gaskiya ne tsakanin wayoyin nan biyu, amma kowace a cikinsu a manne take da wutar gari kai tsaye, tsakaninta da ƙasa tana iya zama 200. Kuma ƙasan amfilifaya shine jikin akwati, shine jikin makirfo. Ku duba yadda ladan ke zuwa da asuba, ya fito daga alwala hannu a jiƙe, ba takalmi, ya taka siminti ya kama makirfon ƙarfe ya kai bakinsa. Abin da nake jin tsoro kenan Baba, ba ƙonewar kaya ba.

Yaron ya tabbatar da idonsa, ya cire komai daga wuta ya sa mita a wajen ƙara, tsinke ɗaya a wayar shigar wuta ɗaya a wayar bolt 30 ɗin, idan mita ta yi kuka naɗi ɗaya ne.

Amma ƙarfen ba asara ba ne, shine ma abu mai tsada a ciki. Ku kai wa masu naɗin koyil su warware su sake naɗawa, sai dai kar ku ce masa kawai a naɗa mana na amfilifaya, ku je da lambobinku a rubuce. A wutarmu mai 50Hz ana raba 45 da abin da faɗin harshen tsakiya sau kaurin ƙarfe ya bayar a santimita a samu zagaye nawa ke bada bolt ɗaya. A ce harshen 5 ne kauri 6, ya zama 30, kenan zagaye 1.5 kowane bolt, kuma ƙarfe irin wannan zai ɗauki VA 600 da ɗoriya, ba 2000 da ke jikin sitabilaizan ba, don can wani ɓangare na wutar kawai yake ɗauka. Firamare ku ce ya lissafa a kan 240 ba 220 ba, zagaye 360, ƙarin nan shi ke hana ta gurnani da zafi idan wuta ta zo da ƙarfi. Waɗannan tiransisto na Toshiba suna jure har bolt 230 idan na asali ne, saboda haka 35-0-35 wato kusan ±50 daidai ne gare su muddin bod ɗin da kafasito na wannan boltej ne, kafasito masu 63V ko sama. Sakandare zagaye 55 sau biyu da waya a tsakiya, ya fi kyau ya naɗa wayoyin biyu tare don ɓangarorin su fito daidai. Kaurin waya kuma firamare geji 18, sakandare geji 14, duka jan ƙarfe, takarda mai kauri tsakanin naɗin biyu, a tsoma a banish a bari ta bushe sosai. Idan an karɓo a sake gwajin mita ɗin nan, wannan karon shiru ake so. Jikin akwatin kuma a haɗa shi da wayar ƙasa ta gaske.

Tunda kuna neman sauƙi nasan wani zai kawo muku shawarar ta makirowef, ita kuma wajen bolt 2000 take fitarwa, tana kashe mutum nan take, ku nisance ta. Ta ƙaramin UPS mai batir ɗaya ba haɗari irin wannan amma boltej ɗinta ƙasa yake, ba zata tada waɗannan tiransisto ba.

TAMBAYA: Na samu taransifoma a kayan gwanjo mai nauyi sosai amma an rubuta 120V 60Hz, in sa?
Daga Kwangila

AMSA: Kayan Amurka ne, ka jona ta a 230 cikin daƙiƙu zata yi hayaƙi. Ko ka bi ta da mai sauke wuta zuwa 110 ma zata fi zafi fiye da yadda aka ƙera ta tunda mu 50Hz gare mu. Ka duba ko firamarenta naɗi biyu ne 115 da 115, idan haka ne ana jera su bi da bi su zama 230, idan kuwa ɗaya ne sai dai a sake naɗi. Na ƙasashen Turai mai 230V 50Hz shi ne ke shiga kai tsaye.

TAMBAYA: Oga a layinmu a Gyallesu da yamma wutan bai wuce 170, amfilifaya na mai TDA7294 sai ya riƙa kakkarewa in na ƙara murya. Shine nace ko in canza 24-0-24 zuwa 30-0-30 ya cike gurbin?
Daga mai shagon aski, Gyallesu

AMSA: Ɗan'uwa lissafinka daidai ne amma na yamma kaɗai. A 170 sabuwar zata baka kamar 22 komai ya tafi lafiya, to ranar da wuta ta dawo 235 fa, ko ka tada janareta ya yi sama kafin ya daidaita, 30 ɗin zata cika har ta ɗara, ±43 kenan, ka wuce iyakar ayisi. Taransifoma ba ta san daidaita komai ba, kason da aka rage mata shi take ragewa, wanda aka ƙara mata shi take ƙarawa. Ana zaɓar ta ne a kan wuta mafi ƙarfi da zata iya shigowa gidanka ba mafi rauni ba. Ka bar 24 ɗinka ka sa sitabilaiza 1000VA a gabanta, wannan shine aikinsa na asali.

Idan kuma son samu ne, ga shagon aski ni da bod ɗin TPA3116D2 zan baka shawara, yana aiki daga bolt 4.5 zuwa 26, ba ya zafi sosai, kuma cajar laftof ta asali mai 19V da am 4 da wani abu ta ishe shi. Duba jikin cajar zaka ga 100-240V, ma'ana ko wuta ta faɗi 170 ita 19 ɗinta take bayarwa, kuma ranar da babu wuta ka jona shi a batirin sola mai 12V ya ci gaba da yi, sai dai ƙarar ta ragu.

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗaliba ce a Nuhu Bamalli Poli, furojet ɗina amfilifaya ce mai TDA2030A biyu. Na sa taransifoma zagayayya 15-0-15 da yayana ya bani, babba ce. Matsalata uku, wani lokacin ina kunnawa fiyus ya yanke, akwai wani huuum a sifika ko ba waƙa, kuma tunda na rufe akwatin taransifomar take zafi sosai. Saura sati biyu difens dan Allah a taimaka.
Daga ɗaliba, Zariya

AMSA: Ƙanwata kar ki kuma kunna ta sai kin duba abu ɗaya, don zafin nan da ya fara bayan rufe akwati ina kyautata zaton nasan daga ina yake. Zagayayyar taransifoma da doguwar ƙusa ake ɗaure ta ta ramin tsakiya, to idan gindin ƙusar na jikin ƙasan akwatin ƙarfe kanta kuma ya taɓa murfi, kin yi wa taransifomar zagaye ɗaya na waya mai kauri da aka haɗe bakinsa, ƙusa, murfi, bango, ƙasa, ya dawo ƙusa. Boltej ɗinsa kaɗan ne amma karan ɗin da ke bi yana da yawan gaske. Buɗe murfin ki duba cikinsa saitin ƙusar, zaki iya ganin ɗan tabo ko ƙarcewar fenti. Ki rage tsawonta da zarto ya zama akwai tazara, kuma kar ki ɗaura wayar ƙasa a kanta.

Fiyus kuma ɗabi'ar zagayayya ce, a ƙiftawar farko tana zuƙar wuta ninkin ba ninkin, ya danganta da inda igiyar AC take lokacin da kika danna, shi ya sa wani lokacin ya yanke wani lokacin ya ƙyale. Ki raba VA ɗinta da 230 ki ɗauki fiyus na gaba da shi kaɗan amma mai harafin T a jiki, mai jinkirin yankewa. Idan VA 200 ce T1A ko T1.25A. Kar ki bari wani ya naɗa miki waya a madadinsa.

Girman taransifomar ba matsala ba ne, ayisi abin da yake buƙata kawai yake ja. Boltej ɗin ne ya matse, 15-0-15 na bada ±20 zuwa 21 shi kuma TDA2030A iyakarsa ±22, kuma ki duba da kyau ko akwai A ɗin a jikinsa don wanda ba A iyakarsa ±18 ne. Ki auna a kan kafasito ba waƙa, idan kin ga 21 ko sama ki nemi 12-0-12 mai am 3, zata baki ±16 hankali kwance, ko ki canza ayisin zuwa TDA2050 mai ɗaukar ±25, ƙafafunsu biyar jeri ɗaya ne.

Shi huuum kala biyu ne. Ki cire wayar shigar sauti ki haɗe bakin shigar da ƙasa. Idan ya ɗauke, to wayar ce ke kwaso shi, ki sa mai riga ta raga, ki nisanta ta da taransifoma, wayoyin AC kuma ki murɗa su biyu biyu su bi gefen akwati. Idan bai ɗauke ba kuma yana da ɗan kaifi kamar zzz, wannan 100Hz ne daga rektifaya, ko kafasito sun yi ƙanƙanta, ki sa 4700µF 35V kowane layi, ko kuma haɗin ƙasa ne ya watse. Wayar tsakiyar taransifoma ta tafi kai tsaye mahaɗar kafasito biyun, daga nan ki fitar da ɗan guntun waya, a ƙarshensa ƙasan sifika da ƙasan bod da na shigar sauti su haɗu kowa da wayarsa, kar ki jera su ɗaya bayan ɗaya.

Idan kin gama gyaran, kunnawar farko ki bi da wutar ta cikin kwan fitila mai zare na wat 60 ko 100 a jere da firamare. Ya haska ya dushe lafiya, ya tsaya da haske akwai inda ya haɗe, ki kashe ki nema. Kuma kafin ki sa hannu a bod ki auna kafasito, suna riƙe wuta bayan an kashe, ki sauke ta da resisto 1k mai wat 5 ba da sukurdireba ba. Lambobin da kika auna, AC na taransifoma da DC ba lodi da DC lokacin da waƙa ke bugawa, ki rubuta su a tebur cikin rahotonki, don a difens da wuya a ƙi tambayarki dalilin da 15 ta koma 20.